Agogona ya ce zuciyata na rawa, na shiga bincike na tarar da lauyoyi

Wajen ƙarfe uku na dare abun ya faru. Ina tsakiyar barci naji agogon hannuna ya ɗan girgiza irin yadda yake yi in saƙo ya shigo, na buɗe ido ɗaya na duba, ashe ba saƙon kowa bane, agogon ne da kansa yake min magana, wai ya lura bugun zuciyata baya tafiya daidai, in samu lokaci in ga likita. To jama'a waye zai koma barci bayan wannan? Na tashi zaune dafe da ƙirji, ita kuma zuciyar da aka ce tana da matsala sai ta ƙara wuta saboda tsoro. Uwargida ta farka tace "Maigida lafiya dai?" nace mata agogo ne yace bani da lafiya. Tace "To ka cire shi mana ka kwanta." Da na bi shawararta da duk wannan dogon surutun bai same ku ba.

Washegari na je wajen likita. Ta gama saurarona tsaf, ta kama wuyan hannuna da yatsu biyu tana ƙirge a ranta, sannan aka kwantar dani aka manna min wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu aka zana bugun zuciyar a takarda, abin nan da ake cewa isiji. Komai lafiya lau. Amma tace kar in yi saurin murna kuma kar in tayar da hankalina, domin matsalar da agogon ke zargi ɓarauniya ce, tana zuwa ta tafi, kana iya kwanciya a gadon asibiti minti biyar ta ɓuya kana fita ta dawo. Sai ta manna min wata 'yar na'ura kamar filasta a ƙirji tace in zauna da ita sati biyu, in kwana da ita in yi wanka da ita, daga baya a cire a karanta abin da ta naɗa.

Sati biyun nan ne suka jefa ni cikin karance-karance. Ni dai tambayata ɗaya ce da farko, ta yaya agogo yake gane zuciya ta saki layi? Amma duk inda na danna sai in faɗa cikin labarin kotu, wane kamfani ya maka wane, an hana shigo da agogo kaza, an kashe fasaha kaza. Kai kace ba maganar zuciyar mutane ake ba, maganar gadon gona ake.

Bari in fara da ciwon tukunna don mu tafi tare. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma akwai wani ɗan gurbi a ɗakin sama na dama da yake kunna 'yar wutar da ke sa ta bugawa, a babban mutum in yana hutawa sau 60 zuwa 100 a minti. A ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da afib, wutar nan ce take rikicewa, maimakon ɗakunan sama su matse gaba ɗaya su tura jini sai su dinga karkarwa kawai, na ƙasa kuma su dinga bugawa ba tsari, yanzu sauri anjima jinkiri. Haɗarin ba a karkarwar yake ba, jinin da baya gudu yadda ya kamata ne yake kwanciya a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu, ya daskare, wata rana gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya toshe hanya, shi kenan sai shanyewar ɓarin jiki. Mai afib ya fi wanda bashi da shi haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyar, kuma a 2019 an ƙiyasta masu shi a duniya sun kusa miliyan 60, da yawansu kuma basu ma san suna da shi ba don baya musu ciwo. Kunga kenan duk wanda ya iya kama ɓarawon nan da wuri ya yi babban aiki, kuma ya samu babbar kasuwa. Duka biyun gaskiya ne.

Agogon kuma hanya biyu yake bi. Ta farko ita ce koriyar fitilar nan da kuke gani tana walƙiya a bayansa. Jini yana shanye koren haske, to duk bugu ɗaya jini ya ƙaru a jijiyoyin wuyan hannu sai hasken da ke dawowa cikin sensa, wato ɗan idon da ke karanta hasken, ya ragu, in ya wuce ya ƙaru, da haka agogon ke auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. In tazarar ta dinga zuwa barkatai sau da yawa kana zaune shiru sai ya fara zargi. Wannan zargi ne kawai fa. Hanya ta biyu ita ce isiji na gaske amma ƙarami, ƙarfe ɗaya a bayan agogon yana taɓa fatarka, kai kuma ka ɗora yatsan ɗaya hannun a kan wani ƙarfen da ke gefe na daƙiƙa 30, sai layin wuta ya haɗu ta ƙirjinka ya zana bugun. Na asibiti wayoyi 10 ake mannawa a kalli zuciya ta kusurwa 12, na agogo kusurwa ɗaya tak yake gani, shi yasa su kansu kamfanonin suke rubutawa ɓaro-ɓaro cewa baya gano toshewar jijiyar zuciya. Ku riƙe wannan haɗin na fitila ta yi zargi sannan isiji ya tabbatar, don a kansa aka kwashe shekaru ana shari'a.

Yanzu fatent, wato takardar haƙƙin ƙirƙira. Ni da ina ɗauka kamar lambar yabo ce, gwamnati tace wane kai ka fara. Ashe ciniki ne. Kai ka ƙirƙiro abu, maimakon ka ɓoye sirrin sai ka rubuta yadda ake yinsa dalla-dalla a buga kowa ya karanta, ita kuma hukuma ta baka ikon hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ko shigo da shi ƙasar har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda, in wa'adin ya cika ya zama na kowa. Tsohon tsari ne, birnin Fenis da ke Italiya ya yi dokarsa tun 1474, shekara 20 ɗin kuma yarjejeniyar ƙungiyar ciniki ta duniya ce da ta fara aiki a 1995 ta mayar da ita ma'aunin kusan kowa. Abu biyu ne suka bani mamaki. Na ɗaya fatent baya tsallake iyaka, na Amurka a Amurka kaɗai yake da haƙori. Na biyu kuma duk tulin shafukan da zane-zanen nan ba su bane abun faɗa, 'yan jimlolin ƙarshe ne masu lamba ɗaya biyu uku, su ne shingen gonar, kuma lauya yana iya kwashe wata guda yana jayayya a kan kalma ɗaya a cikinsu. Kuma ba kowane abu ake ba fatent ba, sai ya zama sabo, sannan ya zama ba abin da duk wani ma'abocin sana'ar zai iya hangowa da kansa bane in ya haɗa abubuwan da aka riga aka sani.

Abubuwan da aka riga aka sani a harkar zuciya kuwa ba kaɗan bane. Willem Einthoven ɗan ƙasar Holan ya haɗa na'urar isiji a farkon shekarun 1900, nauyinta wajen kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, mara lafiya kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitan ruwan gishiri, ya samu kyautar Nobel a 1924. Norman Holter a jihar Montana ta Amurka shi ya nace sai an auna zuciya mutum yana yawonsa, na farkon da ya haɗa a ƙarshen shekarun 1940 goya shi ake a baya, kilo 38, ka gaya min wace zuciya ce za ta buga daidai da wannan kaya a gadon baya. Har yau na'urar da ake rataya wa mutum kwana ɗaya ko biyu sunansa take amsawa. Kamfanin Polar na Finlan ya fito da ma'aunin bugu mara waya na 'yan wasa a 1982. A 1985 wasu masana biyu, Pan da Tompkins, suka wallafa dabarar lissafin da kwamfuta ke bi ta tsinto kowane bugu a cikin zanen isiji, a mujalla suka buga kowa ya ɗauka, kuma tun 1980 akwai tarin zanen bugun marasa lafiya da jami'ar MIT da wani asibiti a Boston suka tattara wanda kusan duk mai gwada sabuwar dabara da shi yake gwaji. Wato duk wanda ya zo daga baya a kan ginin wasu ya ɗora bulo.

To ga inda labarin ya yi daɗi. Akwai wani likita Ba'amurke, David Albert, a ƙarshen 2010 ya saki wani ɗan bidiyo yana nuna murfin iPhone mai ƙarafa biyu a baya, ka ɗora yatsu ko ka manna a ƙirji ya zana maka isiji a fuskar waya. Bidiyon ya zagaya duniya. Kamfaninsu AliveCor ya samu amincewar hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, a 2012. Da Apple Watch ya fito sai suka ƙera masa maɗauri mai ƙarfen isiji a jiki suka sa masa suna KardiaBand, FDA ta amince da shi a Nuwamban 2017, shi ne kayan likitanci na farko da aka amince a maƙala wa agogon, ana sayar da shi dala 199. Tare da shi akwai manhajar SmartRhythm, aikinta ta dinga kallon bugun da fitilar agogon ke bayarwa tana gwada shi da motsin jikinka, in taga bugun ya yi sama alhali kana zaune ba gudu kake ba sai tace maka malam ɗora yatsa mu gani.

Ko shekara ba a yi ba, a Satumban 2018, Apple ya fito da sabon samfurin agogonsa mai suna Series 4 da isiji a cikin agogon kansa, ba sai ka sayi maɗaurin kowa ba. A 2019 AliveCor suka daina sayar da KardiaBand. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, haka na faɗa a raina da na karanta wannan wajen, kuma haka su AliveCor suka gani, don a takardun ƙararsu sun ce shi Albert ya taɓa nuna wa manyan Apple na'urar kafin ta fito. A Disambar 2020 suka shigar da ƙara a kotun tarayya a Teksas kan fatent guda uku, a Afrilun 2021 suka garzaya hukumar cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka, ITC, a watan Mayu kuma suka ƙara wata ƙarar a Kalifoniya cewa Apple ya canza yadda agogon ke ba wa manhajojin waje bayanan bugu da gangan don ya karya su.

Me yasa ITC? Ai nan dabarar take. Ita ba ta yanke diyya, amma wata dokar haraji ta 1930 ta bata ikon cewa kaya kaza kar ya shigo Amurka in ya taka fatent ɗin wani, agogon Apple kuwa a Asiya ake haɗa shi a shigo da shi. Kamfani mai kuɗi irin Apple tara ba ta bashi tsoro, amma ace kwastam su tare kaya a tashar ruwa ana gab da lokacin ciniki, wannan kam yana hana barci.

Shi ma Apple bai zauna ba. Tun bayan wata doka ta 2011 akwai wani kwamiti a cikin ofishin fatent na Amurka da za ka je kace ku sake duba takardar nan da kuka bayar, kuskure kuka yi, abun ba sabo bane. Can ya kai fatent ukun, ya zaƙulo tsofaffin takardu, ciki har da wata da ta riga ta bayyana na'urar ɗaurawa a hannu mai sensar haske da isiji tare, da rubuce-rubucen masana kan koya wa kwamfuta gane bugun da ya karkace. Ranar 6 ga Disambar 2022 kwamitin yace duka ukun basu cancanta ba, duk mai sana'ar zai iya haɗa wannan da wancan ya iso nan. Sai kuma ranar 22 ga watan dai, kwana 16 tsakani, ITC tace Apple ya taka biyu daga cikin fatent ɗin kuma ta bada umarnin hana shigo da agogon, amma ta dakatar da umarnin har sai an gama ɗaukaka ƙara a kan wancan hukuncin. Ku duba fa, gwamnati ɗaya, wata ɗaya, ofishi ɗaya yace an shiga gonarka ɗayan yace ai baka da gona. Shugaban ƙasa yana da kwana 60 da zai iya soke irin wannan umarnin, gwamnatin Obama ta taɓa yi wa Apple wannan gatan a 2013 a rigimarsa da Samsung, amma a Fabrairun 2023 gwamnatin Biden ta ƙi sa baki. Duk da haka ba agogo ko ɗaya da aka tare saboda AliveCor. A Fabrairun 2024 alƙali Jeffrey White ya ba Apple gaskiya a ƙarar Kalifoniya, yace canjin da aka yi gyara ne da ya inganta agogon, sannan a Maris ɗin 2025 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da shari'un fatent ta tabbatar da cewa fatent ukun sun mutu. Reshe ya juye da mujiya, wanda ya je neman a hana wani kasuwa ya dawo ba takardun ma.

Gaskiya na daɗe ina juya wannan a raina kuma har yanzu zuciyata biyu. In na karanta jimlar farko ta fatent ɗin nasu mai lamba 10,638,941, kuna iya nemo shi a Google Patents kyauta, in aka cire turancin lauyoyi abin da ya rage shi ne, duba bugu, duba ko mutum na motsi, in basu dace ba kace ya yi isiji. To wannan ai shi likitata ta yi min da yatsunta biyu, ta taɓa hannu, ta tambaye ni me nake yi lokacin, ta tura ni isiji. Ban ga yadda za a ce tunanin nan mallakar mutum ɗaya bane na shekara 20, har ya zama Samsung da Fitbit da Withings da duk wani ƙaramin kamfani da zai zo gobe sai sun biya kafin su gaya wa mutum ya je asibiti. A nan ina tare da kotu. Amma kuma in na juya, wa ya ɗauki kasadar? Wa ya yi shekaru yana bin FDA, ya nuna wa duniya cewa mutane za su sayi isiji na hannu kuma likitoci za su kalle shi? Ƙaramin kamfani da ya gina kayansa a kan agogon wani ba shi da wata garkuwa in mai agogon ya ga dama ya shigo kasuwar, sai 'yar takardar nan, in ita ma ta faɗi to me zai sa wani ya sake gwadawa? Abin da na tsaya a kai dai shi ne a ba mutum fatent a kan yadda ya yi abun, irin ƙarfen da ya ƙera, yadda ya tace hayaniyar motsi daga siginar, yadda ya sa batir ya kai sati biyu, amma ba a kan buƙatar da kowa ya san da ita ba. Sai dai faɗar haka a baki ya fi yanke shi a kotu sauƙi.

Hujjata kuwa ita ce wata shari'ar da ba ta yi suna ba, tsakanin CardioNet da InfoBionic, dukansu masu na'urorin bibiyar zuciya daga nesa. Kotun ƙolin Amurka ta riga ta ce a 2012 da 2014 ba a ba da fatent a kan dokar halitta ko tsurar tunani don kawai an ce kwamfuta ce za ta yi. CardioNet na da fatent mai lamba 7,941,207 kan gano afib ta hanyar auna bambancin tazarar bugu, tare da ware wani irin bugu da ɗakunan ƙasa ke yi kafin lokacinsa don kar ya ruɗi lissafin. Kotun farko a Masacusets tace wannan ai aikin likita ne aka ɗora wa na'ura, ta soke. A Afrilun 2020 kotun ɗaukaka ƙara tace a'a, wannan gyara ne na musamman da ya sa na'urar ta rage kuskure, ta dawo da shi. A 2021 kuma kotun nan dai, kamfanonin nan dai, ta kalli wani fatent ɗin CardioNet kan tace wani sashe na zanen bugu tace wannan kam lissafi ne kawai, ta kashe shi. In alƙalan da wannan ne aikinsu kullum suna raba gashi haka, ni waye.

Wanda ya fi taɓa mai ɗaura agogo kai tsaye shi ne rigimar Masimo, duk da ita a kan auna iskar oksijin a jini ta fi ƙarfi. Masimo su ne masu irin 'yar na'urar nan da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa a asibiti. Su ITC ta basu gaskiya a Oktoban 2023 kuma nasu umarnin ya yi aiki, a ƙarshen Disamba Apple ya janye agogunansa Series 9 da Ultra 2 daga shagunansa na Amurka na wasu kwanaki, daga 18 ga Janairun 2024 kuma ya koma sayar da su a can da fasahar oksijin a kashe. Sensar tana nan a cikin agogon lafiyarta ƙalau, manhaja ce kawai aka ce ta yi shiru, wanda ya sayi irin agogon a wata ƙasa nasa na aiki, kai naka baya yi. Sai a Agustan 2025 suka dawo da ita ta bayan gida, agogon ya auna, wayar iPhone ta yi lissafin. Wannan ne ya tsaya min a rai, wato abin da ke ɗaure a hannunka naka ne ka biya, amma abin da zai iya gaya maka game da jikinka yana hannun wasu mutane da ke jayayya a wani ɗaki da baka san da shi ba. Da hukuncin AliveCor ya juya ɗaya ɓangaren, isiji ne zai shiga wannan halin.

Abun dariya ma, Apple ya maka Masimo a kotu a jihar Delawa kan cewa agogonsu ya kwaikwayi fasalin nasa, a Oktoban 2024 masu taya alƙali hukunci suka ce eh tsohon samfurin ya kwaikwaya, diyya dala 250. Ɗari biyu da hamsin, ba miliyan a gaba. A Nuwamban 2025 kuma wasu masu taya alƙalin a Kalifoniya suka ce Apple ya biya Masimo dala miliyan 634 kan wani fatent da ya shafi sanarwar bugun zuciya da yanayin motsa jiki, inda babbar jayayyar ita ce wai shin agogo na'urar sa ido kan mara lafiya ce ko a'a. Apple yace zai ɗaukaka ƙara. Tsugune bata ƙare ba.

Wani abu da ya kamata in faɗa kafin wani ya ga an rubuta "muna da fatent" a kwalin agogo ya ɗauka shaidar inganci ce. Ofishin fatent baya gwada na'ura a jikin kowa, tambayarsa sabo ne ko ba sabo ba, shi kenan. Ko yana aiki tambayar FDA ce da ire-irenta, ko yana ceton rai kuma wata tambayar ce daban. Jami'ar Stanford ta yi wani gagarumin bincike da agogon Apple aka wallafa a 2019, mutum 419,297 suka shiga, 2,161 agogo ya yi wa gargaɗi, wato kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Cikin 450 da suka manna filastar isiji suka dawo da ita, kashi 34 cikin ɗari aka samu da afib. Wannan baya nufin sauran duk ƙarya agogon ya yi, tunda ciwon yana ɓuya kuma filastar ta zo ne kwanaki bayan gargaɗin, amma yana nuna gargaɗi ba hukunci bane. Kuma a 2022 kwamitin da ke ba Amurka shawara kan gwaje-gwajen rigakafi yace hujja bata isa ba a ce a dinga tantance duk ɗan shekara 50 zuwa sama da bashi da alamar komai, domin in an gano afib maganin hana jini daskarewa ake bayarwa, shi kuma yana da nasa haɗarin na zubar jini. Yawancin masu ɗaura agogon nan ma matasa ne, ciwon kuma tsofaffi ya fi kamawa.

Sati biyu suka cika na koma aka ɓare filastar, ta bar min jan tabo mai ƙaiƙayi, bayan kwanaki likita ta kira ni ta juyo min fuskar kwamfuta. Ba afib. Abin da aka gani shi ne jefi-jefi ɗakunan ƙasan zuciyata suna yin riga malam masallaci, bugu ɗaya ya zo kafin lokacinsa sai a ɗan yi shiru sannan na gaba ya zo da ƙarfi, tace mutane da yawa masu lafiya suna da shi, nawa bai kai yawan da za a damu ba, in rage kwana a zaune in dawo bayan shekara. Ina jin haka nace "Likita, ai wannan bugun na san shi, akwai fatent a kansa, har kotun ɗaukaka ƙara an je." Ta cire tabarau ta kalle ni tace "Malam, na ce ka samu barci, kai kuma shari'a ka je karantawa?"

Agogon dai har yanzu ina ɗaura shi. Uwargida ta kafa dokar cewa a cire shi in za a kwanta, ni kuma na karanta cewa lokacin da mutum yake kwance baya motsi ne fitilar ta fi samun karatu mai kyau, na kawo mata wannan hujjar tace ba ta karɓa ba. Yanzu dai mun tsaya a kan kwana uku a hannu kwana huɗu a kan caja, kuma ni na ɗaukaka ƙara.